Masu Auna Hatsi da Masu Neman Saniya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Daga yayarka Asama'u, a gidan mahaifinmu cikin ganuwar Birnin Gwari, zuwa ga ƙanena Nababa a unguwar marina ta birnin Kano. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na kasuwa, Ya jiƙan magabatanmu. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Yayanka Jaji yana nan yadda ka bar shi, sai dai furfura da ta ci rabin gemunsa, faɗa kuma ya ci sauran. Gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Ruwan farko ya sauka, an yi shuka, hanyar daji kuma bana da sauƙi, ba mu ji motsin mahara ba tun bara. Malam Ibrahim maƙwabcinmu ne ke rubuta mini wannan, na kuma ce masa ya rubuta duk abin da na faɗa, ko da ya ga bai dace da tawada ba.

Saƙonka ya iso ta hannun madugu Ja'afaru, da kanwar da ka aiko, Allah Ya saka da alheri. Madugun ya kuma isar mini da ƙorafinka a kan 'yarka Talatu, wai ta koyi lalaci, rana tsaka sai ta shige ƙuryar ɗaki ta rufe kai da zane ta ƙi aiki, har kana tunanin ka sa mata bulala. To, ka ajiye bulalar tukuna. Zan zo kan Talatu, amma sai ka fara jin abin da ya faru a gidan nan da bazarar da ta wuce.

Ka san ciwon ɓarin kan nan na gidanmu, ko da yake kai a wajenka abin dariya ne tun kana yaro. Bari in sake faɗa maka yadda yake, tunda Allah bai taɓa ɗanɗana maka ba. Da farko wani ƙyalli ne zai fara rawa a gefen ido, mai lanƙwasa kamar bakin lauje. Kafin ka ankara sai ɓari ɗaya na kanka ya ɗauki daka, kamar an kafa turmi a bayan ido. Haske ya zama abokin gaba, kukan zakara ya shiga har ƙashi, warin daddawa ya juya maka ciki. An yi mana ƙaho, an yi mana tsaga, mun sha rubutu da saiwoyi, Allah Ya saka wa masu yi, amma abin da ya fi yi mana amfani shi ne duhu da shiru. Kakarmu Iya Azumi ce ta gano haka. Wata rana abin ya taso mata, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta kafa tsani ta faɗa cikin babban rumbun nan na bayan gida, ta ja jinkar ta rufe. Da kakanmu ya gaji da nema ya leƙa ya tambaye ta me take yi, sai ta ce masa hatsi take aunawa, alhali babu ko ƙwaya a ciki. Tun daga ranar ba a sake zuba hatsi a rumbun ba, kuma duk wanda ciwon ya kama a gidan nan, in baƙo ya tambaya, sai a ce yana auna hatsi.

Kai ka sha cewa rijiyarmu ce, ko iskar dajin nan. Ni kuwa na zauna na bi abin da kaina. Matan da aka auro cikin gidan nan rijiya ɗaya muke sha da su, tuwo ɗaya muke ci, ba wadda ta taɓa hawa tsanin. Amma mahaifinmu ya ɗauko shi daga Iya Azumi, ni da Jaji muka ɗauko daga gare shi. Ƙanen mahaifinmu na Damari bai san shi ba har ya koma ga Allah, sai ga shi ya ɓulla a kan 'yarsa, wadda ba ta taɓa kwana a Birnin Gwari ba. Ya fi son mata, amma bai raina maza ba. Gado ne, Nababa, irin wanda ba a kiran alƙali ya raba, shi ke zaɓen magadansa da kansa. Kai ya tsallake ka, shi ya sa ka samu sukunin ɗauke mini tsani ina cikin rumbu ka tafi wasanka. Na yafe maka tuni, amma ban manta ba.

To, cikin 'ya'yan Jaji, Rabi'atu ce ta gaje shi. Ka bar ta tana rarrafe, yanzu ta zama budurwa mai hankali da fara'a. Bara da kaka wasu Fulani na wajen Kakangi suka sauka da garkensu a gonar Jaji don taki. Cikinsu akwai saurayi mai suna Hammadu, maraya, a hannun baffansa Bakoji ya tashi. Rabi'atu na kai musu tuwo, shi kuma yana maido kwano cike da madara, har dai kwanon ya fara yawan zirga-zirga fiye da yadda yunwa ke bukata. Dangin yaron suka aiko da maganar aure. Yarinya tana so, yaro yana so, ni ma na so, amma raina bai kwanta ba. Ka san zaman da na yi a gidan aure kafin Allah Ya yi wa maigidana rasuwa. Ba rumbu, ba mai yarda. Na yi daka kaina na tsagewa, na yi girki ido ɗaya a rufe, ana ce mini makira mai gudun aiki. Ba ciwon ne ya fi ci mini rai ba, rashin yardar ce. Ita nake ji wa Rabi'atu tsoro.

Jaji kuwa nasa tsoron daban ne. Ya yi bincike, ya dawo yana huci, ya ce bai taɓa ganin sakarkarun makiyaya irin waɗannan ba. Wai duk lokacin da ka je rugarsu ka tambayi Bakoji, sai a ce saniya ce ta ɓata ya shiga daji nema. Ka koma ka tambayi Hammadu, a ce shi ma ya tafi neman saniya. Har an gaya masa marigayi uban yaron haka ya ƙare rayuwarsa. Jaji ya ce a irin wannan ɓatan, nan gaba kaɗan igiya kawai za ta rage musu, ita za a ba 'yarsa sadaki. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne garken kullum ƙaruwa yake yi.

Ashe su ma suna nasu binciken. Matansu masu tallar nono sun sha shigowa gidan nan. Sun ga rumbu mafi girma a unguwa, ba a zuba masa hatsi ko a shekarar yalwa. Sun ji nishi yana fitowa daga ciki, suka tambayi yara, aka ce musu Baba ne ke auna hatsi. Wata rana kuma suka ga Rabi'atu tana saukowa daga tsani, kai a ɗaure tam, ido jajir, tana tangaɗi. Kafin mako ya zagayo labari ya cika ruga da kasuwa, wai gidan Jaji suna kiwon wani abu a rumbu, kuma ɗai-ɗai suke shiga suna yi masa hidima. Wasu suka ce dodo ne, wasu suka ce aljani mai jawo hatsin mutane. Na ce wa Jaji mu fito mu faɗi gaskiya, ya ce sam, gara a ce yana da dodo da a ce 'yarsa tana da ciwo, don mai dodo ko ba komai ana jin tsoronsa. Ana cikin haka sai saƙo ya zo cewa Bakoji zai shigo gari da kansa. Kowa ya san abin da zai kawo shi, zai zo ya janye maganar cikin mutunci. Rabi'atu ta shige ɗakina ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Ranar da zai zo, rana ta buɗe tun da hantsi kamar za ta narka dutse. Jaji bai runtsa ba saboda tunani, bai kuma karya ba. Sai ga shi ya fito tsakar gida yana ƙifta ido ɗaya yana laluben bango. Ban tambaye shi ba, na san lauje ya fito. Ya hau tsani ya shige. Baƙo na hanya, maigida na auna hatsi! Na aika aka kira Malam Ibrahim ya zauna a zaure a madadinsa. Can wajen azahar Bakoji ya iso, dogon tsoho siriri, da malfa da sanda, ya yiwo tafiyar nan duka cikin rana ba tare da ya sa komai a bakinsa ba, saboda filakon nan nasu da ba ya barin mutum ya ce yana jin yunwa. Da ya tambayi maigida aka gaya masa abin da maigida ke yi, sai ya kalli Malam Ibrahim, ya kalli ƙofa, ya gyara zama kusa da ita. Kuma kamar da gayya, ranar ce maƙwabta suka buɗe tukunyar daddawarsu, iska na kwaso warin tana zubawa cikin zaure.

Tunda shekaruna sun ba ni izini, ni na kai masa fura da kaina, na zauna daga gefe muka gaisa. Ya fara jawabinsa, yana zagaye-zagaye a kan zumunci da ƙaddara, sai na lura yana magana yana kallon gefen Malam Ibrahim, ba Malam Ibrahim ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi ya kama iska. Hawaye na bin idonsa na hagu shi kaɗai, jijiyar gefen kansa ta miƙe tana harbawa. Sai ya katse maganar a tsakiya, ya dafa sanda ya tashi, ya ce a yi masa gafara, saniyarsa ce ta ɓata, dole ya shiga daji yanzun nan. Malam Ibrahim, bawan Allah, har ya fara jajanta masa yana tambayar kamanninta. Ni kuwa na dubi tsohon nan, a tsakiyar birni, cikin ganuwa, bai zo da ko akuya ba, ba kuma wanda ya shigo ya kawo masa labari. Nababa, dariya da kuka suka taso mini lokaci ɗaya.

Na rage murya, don na san abin da ƙara ke yi wa mai irin halinsa. Na tambaye shi ko saniyar nan ta ɓarin hagu take ɓata. Ya juyo ya dube ni da ido ɗaya. Na tambaye shi ko kafin ta ɓata takan aiko da ƙyalli, ko kuma ba a ganinta sai an samu inuwa mai duhu an kwanta. Ya zame ya zauna daɓas, ya rantse shi lafiyarsa ƙalau, yana faɗa yana riƙe da kai da hannu biyu. Na ce masa daji ya yi nisa, rana kuma ba za ta bar shi ya kai ƙofar gari ba, amma muna da wuri. Da ya gane rumbun nake nufi sai ya yi salati. Sai dai a daidai lokacin iska ta sake kawo daddawa. Ya ce mu je, in ma dodon ne, zai roƙe shi ya fara ci ta ɓarin hagu. Malam Ibrahim ne ya riƙe masa tsani, ga shi nan zaune, in ƙarya nake ya ajiye alƙalami.

Za ka tambaye ni ko na manta Jaji na ciki. To, a ce na manta. Bakoji ya zura ƙafa cikin duhu, ya sauka a kan wani abu mai taushi da ɗumi, abin ya yi nishi. Jaji ya gaya mini daga baya cewa shi ya ɗauka rumbun ne ya rufto masa. Bakoji kuma ya ce ya so ya kurma ihu, amma ya tuna abin da ihun zai yi wa kansa, sai ya haƙura ya yi kalmar shahada a hankali ya jira a cinye shi. Da ya ji dodon ya amsa masa shahadar, har yana roƙonsa don Allah ya ɗage ƙafarsa daga kan cikinsa ya kuma ja jinkar haske na shigowa, sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Suka kwanta baya da baya kamar tagwaye. Ni kuwa na ɗauko mazarina da auduga na zauna a gindin rumbun, daidai wata 'yar tsaga da na sani tun ina yarinya.

An daɗe ba abin da ke fita sai nishi, wannan ya yi, wancan ya karɓa. Da rana ta fara sanyi sai na ji raɗa. Sun gaisa, sun tambayi iyali, kamar a zaure suke. Jaji ya ba shi labarin Iya Azumi. Shi kuma ya ce nasu daga kakansa ya faro. Wai wata rana yana tsaye yana duban garke sai ya ga ɓari guda na shanun babu, kamar an shafe su. Ya ruga daji yana kira, ciwon ya kayar da shi a gindin wata tsamiya, ya yi barci, da ya farka ya dawo ya tarar da shanunsa cif suna tuƙa. Tunda namiji a cikinsu ba ya buɗe baki ya ce wai kansa na ciwo, sai maganar ta zauna a haka. Uban Hammadu ya nemi saniyar nan, Hammadu na nemanta, akwai ma wata gwaggonsu da ba ta taɓa kiwo ba amma ta fi kowa nemanta. Jaji ya fara dariya, dariyar ta soke shi a kai, ya koma nishi, ya roƙi Bakoji kada ya sake ba shi dariya sai gobe.

Daga nan maganar ta yi nauyi. Bakoji ya ce shi makiyayi ne, ya san yadda abu ke bin jini. Saniya mai baƙin kunne takan haifi fara sol, sai baƙin kunnen ya dawo a jikarta. In kuwa uwa da uba duka suna da shi, da wuya maraƙi ya tsira. Ya ce da shanu ne, ba zai haɗa waɗannan biyun ba. Na ce a raina shi ke nan, mun tsallake dodo mun faɗa hannun gaskiya. Sai Jaji ya faɗi maganar da ban taɓa zaton tana cikinsa ba. Ya ce ba kowane ɗa ne ke ɗauka ba, ga ƙaninsa can a Kano garau. Wanda kuma Allah Ya rubuta masa, gara ya buɗe ido a gidan da uwa ta sani uba ya sani, inda za a rufe masa ƙofa a kori kaji, ba inda za a ce masa makiri ba. Ya ce ya ga yadda yayarsa ta dawo daga gidan aure, ba ya so 'yarsa ta dawo haka. Nababa, ashe ya gani. Duk shekarun nan bai taɓa ce mini komai ba. Na jiƙa audugar nan da hawaye har ta ƙi kaɗuwa.

Gab da magariba suka fito, ɗaya bayan ɗaya, yanar gizo a gemu, suna takawa a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Suka rama sallolinsu, suka shanye furar nan tas, aka sa biki bayan an kawar da amfanin gona. Rabi'atu da ta ji, ta rungume ni har ta kusa karya mini haƙarƙari. Gari kuwa ya samu sabon labari, wai dodon Jaji ya haɗiye Bafulatani ya ji ƙashi ya yi yawa ya amayo shi. Bakoji kan shigo gari yanzu fiye da da, kuma ba kullum don kasuwa ba. Sai ya tsaya a zaure ya tambaya cikin ladabi ko akwai hatsin da ke bukatar awo.

Ga bukatata gare ka. A ruga babu rumbu, bukkarsu kuwa haske na ratsa ta kamar rariya. Bakoji ya tambaya da gaske ko ana iya ɗora rumbu a kan takarkari, aka ce masa a'a. Don haka ka samo mana turkuɗin lulluɓa mai kauri, wanda ya sha baba har ya ƙoshi, irin wanda in ka ɗaga shi ga rana ba za ka ga ko ɗigon haske ba. Kada a kai shi mabuga, ba ma son ƙyalli. Guda uku, na amarya, na ango, da na baffan ango, wanda ya ce a gaya maka shi ba don kansa ba ne, don saniyar ne. Ka ba Ja'afaru in ayarinsu zai juyo.

Jaji yana gaishe ka, da matansa da yara duka. Rabi'atu ta ce a gaida Baffa, kuma in bai zo biki ba ta yi fushi. Malam Ibrahim yana gaisuwa, ya ce hannunsa ya gaji. Ka gaishe mini da maiɗakinka Hassana da kyau, da ɗanka Labaran da ƙannensa, da maƙwabtanku na marina.

Saura Talatu. Ka kira ta gefe, a hankali, ka tambaye ta ko takan ga ƙyalli kafin ta kwanta, kuma wane ɓari ne. Na san amsar tun daga nan. Ba a rijiya ka bar abin ba, ƙanena, a cikin jininka ka tafi da shi har Kano, ya yi barci a jikinka ya farka a nata. Ka sa a rina turkuɗin ya zama huɗu, na huɗun kada ka aiko. Ka kai mata da hannunka, ka rufe mata ƙofa, ka kori kaji, ka hana masu daka. In wani ya tambaye ka ina 'yarka take rana tsaka ga aiki jibge, ka dube shi ka ce tattaɓa-kunnen Iya Azumi tana auna hatsi. Ka ɗauke mini tsani ina yarinya, Nababa. Ita ka riƙe mata.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai begenka,
Asama'u
Birnin Gwari, farkon damina, Hijira tana da shekara dubu da ɗari biyu da tamanin da bakwai.